Jikan Badukun Tenterfield

A kan titin High Street na garin Tenterfield, can arewacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, akwai wani ɗan gini na dutse mai baranda. A cikinsa wani baduku mai suna George Woolnough ya zauna daga 1908 zuwa 1960 yana ɗinkin sirdi da linzami da sauran kayan doki. Lokacin da ya fara, doki ne abin hawan manomi da makiyayi a wannan yankin na tumaki da shanu. Lokacin da ya ajiye basilla, mota ta riga ta karɓe hanya, sana'ar kuma ta koma ta 'yan sha'awa. Garin yana da wani tarihin da ya fi wannan girma, domin a nan ne Henry Parkes ya yi jawabinsa na 1889 da ya zaburar da yankunan mulkin mallakar Ingila su haɗe su zama ƙasa guda, abin da ya tabbata a 1901. Amma yawancin baƙin da ke tsayawa a gaban wannan baranda a yau waƙa ce ta kawo su, waƙar da jikan badukun ya rubuta yana zaune a wata ƙasa mai nisan gaske.

Sunan jikan Peter Richard Woolnough, wanda duniya ta sani da Peter Allen. An haife shi a Tenterfield ranar 10 ga Fabrairu 1944, ya tashi a Armidale da ke kudu da can. Mahaifinsa Dick ya je Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da jikinsa, amma bai dawo da natsuwarsa ba. Giya ta kama shi, gidan ya zama wurin tsoro da rashin kuɗi. Yaron kuwa tun yana ƙarami kunnensa ya nuna kansa: in ya ji waƙa a rediyo ko a silima, sai ya zauna gaban fiyano ya fito da ita. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya fara kaɗa fiyano a otal ɗin New England na Armidale, ana biyan sa, yana kai wa mahaifiyarsa Marion.

Ya kamata a tsaya a dubi ɗakin da yake wannan kiɗa, don a nan aka ƙera mutumin da ya zama daga baya. A Ostireliya ta wancan zamani, babban zauren mashaya na maza ne zalla. Mata ba su shiga. An ware musu wani ɗaki a gefe, mai kujeru da tebura, inda za su zauna su yi hira. A wannan ɗakin na mata aka ajiye fiyanon. Ke nan masu sauraronsa na farko matan karkara ne, matan manoma da na ma'aikata, waɗanda da yawansu suke fama da irin abin da mahaifiyarsa take fama da shi a gida, ba kuwa mai faɗa. Yaron da ke son a jefa masa kwabo dole ya koyi karanta fuska: wace ce ke son ta yi dariya, wace ce ke son tsohuwar waƙar da za ta tuna mata da ƙuruciya, yaushe za a ɗaga murya, yaushe za a sassauta. Babu makarantar kiɗa da ke koyar da wannan.

Yana da shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya harbe kansa. A ƙaramin gari irin wannan, a shekarun 1950, abu ne da ake rufewa da shiru. Ƙasar tana girmama sojojinta a bukukuwan tunawa, amma ba ta da bakin magana a kan waɗanda yaƙi ya biyo su har cikin ɗakin kwana. Iyalin suka tattara suka koma Lismore wajen dangi. Peter bai daɗe ba ya bar makaranta ya shiga neman abinci da murya.

Sa'arsa ita ce talabijin ta shigo Ostireliya a 1956, tana kuma yunwar matasa masu fara'a. Ya haɗu da wani saurayi mai kaɗa jita, Chris Bell, suka sa wa kansu suna Allen Brothers, alhali ba 'yan'uwa ba ne, babu kuma mai suna Allen a cikinsu. Daga nan sunan ya bi shi har kabari. Suka riƙa fitowa a shirin Bandstand, wanda matasan ƙasar ba su bari ya wuce su. Sai dai akwai iyakar inda mawaƙi zai kai a gida a lokacin. Ostireliya ƙasa ce mai faɗi da mutane kaɗan, kuma ta daɗe tana ɗaukar cewa abin kirki daga Landan yake zuwa, daga baya kuma daga Amurka. Ɗan gida ba ya cika gwani sai an tafa masa a waje. Haka Joan Sutherland ta tafi Landan a 1951, Barry Humphries ya bi a 1959, ƙungiyar The Seekers a 1964, Helen Reddy ta nufi Amurka a 1966. Taken ƙasar ma na Ingila ne har zuwa 1984. Su Peter suka ɗauki hanyar Asiya, suna wasa a otal-otal da gidajen rawa na Tokyo da Hong Kong.

A Hong Kong ne rabo ya same su a 1964. Judy Garland, babbar tauraruwar Amurka, ta fito ne daga Ostireliya a lokacin, inda wasanta na Melbourne ya ɓaci har masu kallo suka yi mata ihu ta bar dandamali. Ta isa Hong Kong ta kwanta rashin lafiya mai tsanani. Abokin tafiyarta Mark Herron ya ga samarin biyu suna wasa a otal ɗin Hilton, ya kai mata labari, da ta samu sauƙi ta je ta gani da idonta. Ta ɗauke su su riƙa buɗe mata fage, ta kai su Landan, daga nan Amurka. A Landan Peter ya haɗu da 'yarta Liza Minnelli, suka yi aure a New York ranar 3 ga Maris 1967.

Masu ba da labarinsa sukan daɗe a wannan gaɓar, saboda manyan sunaye sun taru a cikinta. Ni ina ganin ba ita ce mai nauyi ba. A waɗannan shekarun shi mijin wance ne kuma surukin wance, yana rera waƙoƙin wasu cikin kwat mai tsabta. Abin da ya amfana da shi na gaske shi ne tsayuwa a bayan labule dare bayan dare yana kallon yadda Garland take riƙe zauren mutane da rauninta, yadda take mayar da gajiya da ɓacin rai su zama abin da ke jawo masu kallo kusa da ita. Garland ta rasu a 1969. Zaman aurensa da Liza ya watse ba da jimawa ba, ko da yake sai 1974 aka kammala saki, kuma sun ci gaba da mutunci har ƙarshen ransa. Allen Brothers ma ta watse. A farkon shekarun 1970 ya tsinci kansa a New York shi kaɗai, ba inuwar kowa, ba kuɗin kirki.

A nan ya koma irin ɗakin da ya fara. Kabare, kamar yadda ake yin sa a unguwar Greenwich Village a lokacin, wasa ne na ƙaramin ɗaki. Mutum ɗari ko ƙasa da haka, zaune a ƙananan tebura, ana kai musu abinci da abin sha. Fitila ɗaya a kan mawaƙi, fiyano a gabansa, tazarar da ke tsakaninsa da tebur na farko ba ta wuce a miƙa hannu ba. Yana jin ƙarar cokali, yana ganin wanda ya duba agogo. Tsakanin waƙa da waƙa dole ya yi magana, ya ba da labari, ya amsa wa mai tsokana. Ba 'yan rawa da za su rufa masa asiri, ba amsa-kuwwar da za ta ɓoye ƙaramar murya. Muryar Peter Allen kuwa ba babba ba ce. Tana da ɗan kaushi, ba ta hawa sama sosai. Abin da yake da shi shi ne iya zance da iya rubutu, da kunnen da matan Armidale suka wasa masa. A gidan kabare na Reno Sweeney da ire-irensa ya tara mabiyansa na farko da suka zo domin shi, ba domin wadda ya aura ba.

Cikin wannan lokaci ya rubuta "Tenterfield Saddler", wadda ta fito a faifansa na 1972. A ganina ita ce aikinsa mafi daraja, ita ce kuma dalilin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi da Hausa. Waƙar ta ɗauki mutum uku a jere: kaka da ya zauna wuri guda tsawon rayuwarsa yana aikin hannu, mutane suna zuwa wurinsa neman shawara, uba da yaƙi ya karya, ya kashe kansa, da jika da ya bar gida, ya canja suna, yana yawon duniya ba shi da takamaiman wurin zama. Bai yi wa uban ado ba, bai kuma zage shi ba. Ya faɗi abin da ya faru a taƙaice ya wuce, kamar mai tsoron kada muryarsa ta karye in ya daɗe. Wanda ya taɓa zama a rumfar dukawa ya san cewa ba fata kaɗai ake saye a can ba, har da hira da labarin gari da sulhun ƙananan rigingimu, kuma ranar da rumfar ta rufe, ba sana'a kaɗai ta tafi ba. Wannan rashin ne waƙar take aunawa. Cikin 'yan mintoci ta ba da tarihin shekara sittin na karkarar Ostireliya: tafiyar doki, tabon yaƙi, da watsewar 'ya'ya zuwa birane da ƙasashen waje. Abin da garinsu ya yi shiru a kansa, shi ya faɗa a gaban baƙi a wata nahiya, da sunan kakansa na gaskiya. Faifan bai yi kasuwa ba a lokacin.

Kuɗi ta wata ƙofar suka shigo. Ya zama marubucin da manyan muryoyi ke nema. Shi da Jeff Barry suka rubuta "I Honestly Love You", Olivia Newton-John ta rera ta a 1974, ta hau saman jadawalin Amurka, ta ci kyautar Grammy. Shi da Carole Bayer Sager suka rubuta "Don't Cry Out Loud", wadda Melissa Manchester ta yi suna da ita a 1978, waƙar da ke koya wa mutum haɗiye kuka a gaban jama'a, darasin da marubucinta ya sani tun yana yaro. Frank Sinatra ma ya rera wata waƙar tasu. A 1982 ya raba kyautar Oscar da Burt Bacharach da Sager da Christopher Cross saboda waƙar fim ɗin Arthur, ko da yake gudummawarsa a cikinta layi ɗaya ce da aka ɗauko daga wata tsohuwar waƙa da suka taɓa farawa shi da Sager. Da muryarsa kuwa bai taɓa hawa saman jadawalin Amurka ba.

Sai wani Peter Allen na dabam ya ɓullo. "I Go to Rio" ta zama ta ɗaya a Ostireliya a 1977, kuma da ita ya sauya kama gaba ɗaya: riguna masu furanni da ƙyalƙyali, caki a hannu biyu, ƙafa ɗaya a kan fiyano yana kaɗawa, wani lokaci ya haye kan fiyanon ya yi rawa, gumi na zuba. A 1979 ya kai wasansa Broadway, titin manyan gidajen wasa na New York. A 1981 ya cika Radio City Music Hall, zauren da ke ɗaukar mutum kusan 6,000, ya shigo dandamali a kan raƙumi, ya shiga layin 'yan rawar nan na Rockettes yana ɗaga ƙafa tare da su. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan mutane, har ya danne na farko.

Ba na cikin masu cewa ya sayar da kansa. Wanda ya ga hotunan waɗannan wasannin ya san farin cikin na gaske ne, kuma yaron da ya tashi a gidan da ake tafiya da sanɗa yana da haƙƙin ya yi hayaniya in ya samu fili. Ƙari a kan haka, ko a babban zaure bai bar hira ba. Yakan zauna bayan an gama tsalle-tsalle, ya rage fitila, ya yi wa dubban mutane magana kamar suna tebur ɗaya. Amma an yi asara, kuma ya kamata a faɗa. Waƙar da aka rubuta don ɗaki mai mutum ɗari, in aka kai ta gaban dubu shida, dole a kumbura ta, a ƙara mata ƙaho da ganga. Masu sharhi suka koma maganar rigarsa suka bar maganar alƙalaminsa. Har yau in an ambaci sunansa, caki ake fara tunawa.

A 1980 ya rubuta "I Still Call Australia Home", waƙar ɗan ƙasa da ya daɗe a waje yana ɗokin gida. Ta zo daidai lokacin da ƙasar take sauya yadda take kallon kanta. An buɗe gidan wasan Opera na Sydney a 1973, finafinan gida sun fara samun kasuwa a duniya, tsohuwar kunyar zama ɗan Ostireliya tana yayewa. Kamfanin jiragen sama na Qantas ya ɗauki waƙar ya yi talla da ita, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 tallan ya koma na yara sanye da fararen riguna suna rera ta a wurare daban-daban na duniya da na cikin ƙasar. Ta zama kamar taken ƙasa na biyu. A 2009 aka yi wani sabon tallan da wani yaro ya rera baitin farko da Kala Lagaw Ya, harshen mutanen tsibiran mashigin Torres. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sai 1967 aka gyara tsarin mulkinta don a riƙa lissafa 'yan asalinta cikin ƙidayar jama'a. Waƙar Bature mai kewar gida ta faɗa bakin waɗanda kakanninsu suke wurin dubban shekaru kafin jirgin Ingila na farko ya iso, ma'anarta kuma ta faɗaɗa fiye da yadda marubucinta ya tsara.

Shekarunsa na ƙarshe sun yi nauyi. Bayan rabuwarsa da Liza, abokin zamansa na tsawon shekaru namiji ne, Gregory Connell, ɗan Amurka, wanda ke kula masa da fitilu da sauti a wasanni. Mai karatu yana da matsayinsa a kan wannan, wanda addini da tarbiyya suka ba shi, amma labarin mutumin ba ya cika in an tsallake shi. Connell ya mutu a 1984 da cutar ƙanjamau, a daidai lokacin da cutar take yi wa masu wasan New York yankan ƙauna, babu magani, ga tsoro ga ƙyama. A Ostireliya ma haka abin yake: a 1985 an hana wata ƙaramar yarinya da ta kamu ta hanyar ƙarin jini zuwa makarantar renon yara a New South Wales, har iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa New Zealand. Mu ma a nan mun san wannan zamanin, lokacin da ake binne mutum ba a ambaci sunan ciwonsa ba.

Cikin wannan hali ya zuba ƙarfinsa a kan burinsa na ƙarshe, wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe na kansa a Broadway. Legs Diamond, labarin wani ɗan daban New York na zamanin haramcin giya, ya buɗe ranar 26 ga Disamba 1988 a gidan wasan Mark Hellinger, shi ya rubuta waƙoƙin, shi ne kuma jarumin. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, aka rufe bayan wasa 64, aka yi asarar miliyoyin daloli. Kuskuren a fili yake: mutumin da duk ƙarfinsa yake cikin zama kansa a gaban mutane ya sa rigar wani da bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Ya koma wasanninsa na fiyano da hira, inda ba mai iya ja da shi. Ya yi wasansa na ƙarshe a Sydney ranar 26 ga Janairu 1992. Abin da aka sanar wa jama'a shi ne ciwon daji na maƙogwaro; yana ɗauke da ƙanjamau. Ya rasu a San Diego ranar 18 ga Yuni 1992, yana da shekara 48. Haɗin magungunan da ya mayar da cutar abin da ake rayuwa da shi ya zo a 1996, shekara huɗu bayansa.

Abin da bai samu da ransa ba ya same shi bayan mutuwa. A 1998 aka buɗe The Boy from Oz a Sydney, wasan da Nick Enright ya gina a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, Todd McKenney ya fito a matsayinsa. A 2003 wasan ya isa Broadway, Hugh Jackman ya karɓi rawar, ya ci kyautar Tony a 2004. Titin da ya ƙi Peter Allen a rigar ɗan daba ya karɓi labarinsa na gaskiya, har da uban da ya harbe kansa, har da cutar da ba a iya ambata. Cikin shekara goma kacal abin da ake rufewa ya zama abin da iyalai ke sayen tikiti su je su kalla. A 2015 talabijin ta Ostireliya ta sake ba da labarin a wani shiri mai kashi biyu.

Sana'ar tasa ma ta samu gida a ƙasar da ya bari don ya yi ta. Tun 2001 birnin Adelaide ke shirya bikin kabare duk shekara, wanda ake lissafa shi cikin manya a duniya, kuma masu wasa irin Robyn Archer da Paul Capsis da Meow Meow sun nuna cewa ɗan Ostireliya zai iya yin wannan aiki da lafazinsa da labaransa, 'yan waje su zo su same shi. Matashin da ke tashi a Armidale yau ba ya buƙatar wata tauraruwa ta gan shi a otal ɗin Hong Kong kafin a san da shi. Wayarsa ta ishe shi kaiwa ga mutanen da Peter Allen bai taɓa mafarkin kaiwa gare su ba. Abin da nake shakka shi ne ko zai samu inda zai koyi aikin. Biki na mako biyu a shekara wuri ne na nuna gwaninta, ba na koyon ta ba. Peter Allen ya koyi tasa ne a ɗakunan da ake wasa kowane dare, inda rabin mutanen ba don shi suka zo ba, kuma dole ya juyo da su ɗaya bayan ɗaya kafin su tashi. Irin waɗannan ɗakuna sun yi ƙaranci a Sydney da New York baki ɗaya, saboda tsadar haya da sauyin yadda mutane ke shaƙatawa. Reno Sweeney kansa ya daɗe da rufewa. Wanda ke son ya ji abin da irin wannan horo yake haifarwa, ya nemi faifansa na 1977, It Is Time for Peter Allen, da aka ɗauka a gaban masu kallo, ya saurari yadda yake magana da su tsakanin waƙoƙi.